Daga Tsintar Kwalba Zuwa Kambun Duniya

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman 'yan makaranta masu ɓoye mujallar nan a cikin littafin lissafi. Na san da yawanku da kun ga kan wannan rubutu za ku riƙe haɓa ku ce, "Ikon Allah! Yau kuma dambe? Ina ruwan biri da gada?" Gaskiyarku ne. Kun saba in na ɗauki biro to labarin masoya ne, ko na kishiya, ko na uwar miji mai sa ido. To yau ɗaya dai ku yi mini uzuri, domin kuwa wani abu ne ya faru a gidanmu, wanda ya sa na ajiye littafin da nake rubutawa na shiga bin diddigin rayuwar wani ɗan dambe da ya bar duniya tun ba a haifi mahaifiyata ba.

Abin da ya faru shi ne, sakamakon jarrabawar fita sakandare na Autarmu ya fito, kuma bai yi kyau ba. Karo na biyu ke nan lissafi da Turanci suna kayar da ita. Yarinyar nan ta shige ɗaki ta turo ƙofa, kwana biyu ba ci ba sha sai kuka. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ni ma na yi nawa, duk a banza. Abin da kawai take maimaitawa shi ne ita ta haƙura da boko, kanta ba ya ja, ƙawayenta duk sun wuce sun bar ta.

Ran na uku da la'asar sai ga kakanmu, Baba Tsoho, ya dogaro sandarsa ya shigo. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina amaryar tawa? An ce mini ta yi yaji a cikin gida. Ko kishi ne take yi da uwargida?"

Ni ce uwargidan. Da ƙyar Auta ta fito, idanu sun yi luhu-luhu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Tsoho, don Allah ka ƙyale ni. Sau biyu fa ke nan ina faɗuwa."

"Sau biyu kacal?" Ya gyara zama a kan tabarma. "Yo ai ke wasa kike. Ni na san mutumin da ya faɗi sau huɗu a jere, a ƙasar da ba uwa ba uba, kuma da kunnen nan nawa na ji ranar da dubban mutane suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. Kin taɓa jin Dick Tiger?"

Daga ni har ita ba wadda ta taɓa ji. Ya ba mu abin da ya riƙe a ka, ni kuma daga baya na bi na karanta na cike sauran. Ga shi nan na kawo muku.

YARO MAI BUHUN KWALABE

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a garin Amaigbo da ke cikin jihar Imo ta yanzu. Ibo ne, ɗan manoma, kuma tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu. Karatun bai yi nisa ba, sai ya bi 'yan uwansa zuwa Aba neman abin kai wa bakin salati. Sana'arsa ta farko a can ita ce bin lungu-lungu yana tsintar kwalaben da aka yar, ya wanke, ya kai kasuwa ya sayar wa masu zuba manja da kananzir. Irin yaran nan dai da muke gani da buhu a kafaɗa, waɗanda wata ko kallo ba su ishe ta ba.

A Aba ya fara koyon damben zamani, kuma a 1952 ya mai da shi sana'a. Gajere ne kakkaura, ƙafafunsa kamar turmi, kuma yadda yake yin tsalle ya afka wa abokin karawa ne ya sa aka laƙaba masa Tiger, wato damisa. Cikin 'yan shekaru ya zama zakaran Nijeriya a ajinsa.

Bari in ɗan tsaya in yi muku bayanin damben nasu, don ya bambanta da namu na gargajiya, irin na su Shago da Ɗan'anace ya yi wa waƙa. Namu hannu ɗaya ake naɗewa da kara, ɗayan a kare kai da shi, kuma da zarar mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Su kuwa hannu biyu suke sa wa safa mai kauri, a cikin fage mai kusurwa huɗu da aka kewaye da igiya. Kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1. In aka buge mutum ya faɗi, alƙali zai ƙirga daga 1 zuwa 10, in ya tashi kafin a kai 10 sai a ci gaba. In kuwa har aka cinye turamen ba wanda ya kwanta, sai a duba makin da alƙalai suka rubuta. A zamanin Tiger damben kambun duniya turmi 15 ne, daga baya aka rage shi zuwa 12 saboda tsaron lafiyar 'yan dambe. Sannan ba a haɗa mutum sai da sa'ansa a nauyi. Ajin Tiger shi ne na matsakaita, waɗanda ba sa wuce kilo 72 da rabi.

Wannan doka ta ƙirga ta tsaya mini a rai. A wajensu faɗuwa ba ita ce ƙarshen wasa ba, zama a ƙasa ne ƙarshensa.

FAƊUWA HUƊU A ƘASAR SANYI

A wancan lokaci duk ɗan damben da yake son ya yi suna to sai ya ƙetare zuwa Ingila. Wani ɗan Kalaba, Hogan Bassey, ya riga shi zuwa birnin Libaful, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya, a birnin Faris, ranar 24 ga Yuni, 1957. Tiger ya bi sawunsa ya sauka Libaful a 1955.

'Yar uwa, ki kwatanta abin a ranki. Mutumin da ya tashi a zafin Aba, ga shi a tsakiyar hunturun Turai, sanyi har cikin ɓargo. Abincin ba irin nasa ba, maganar mutanen garin da ƙyar yake kama ta. Kuɗin damben ba su isa ci da haya ba, dole ya kama aiki a masana'antar fenti, ya yini yana shaƙar wari, da yamma ya tafi wajen horo.

Dambensa na farko a can, cikin Disambar 1955, aka cinye shi da maki. Na biyu, haka. Na uku, haka. Na huɗu ma haka. Cikin 'yan watanni zakaran Nijeriya guda ya zama abin tausayi. Ba wai ƙarfi ne ba shi da shi ba, ƙarfi kam har ya yi yawa. Matsalar ita ce naushinsa daga nesa yake ɗauko shi, kowa na ganin tahowarsa, su kuwa Turawan sai su ɗan taɓa shi su goce, su taɓa su goce, alƙalai na rubuta musu maki.

A nan ne Baba Tsoho ya nuna Auta da sanda ya ce, "Da ke ce, da tuni kin naɗe tabarmarki kin hau jirgin ruwa kin dawo gida kina cewa Turawa sun tsane ki."

Shi bai dawo ba. Zama ya yi ya dubi inda yake kuskure. Ya koyi gajarta naushi, ya koyi matse mutum a jikin igiya ta yadda ba hanyar gudu, ya koyi jira har abokin karawa ya kawo hannu sannan ya mayar masa da na hagu, wanda daga baya ya zama abin tsoro a duniya. Wato dai bai ce alƙalai ne ba sa son sa ya tsaya a nan ba, tambayar kansa ya yi, me suke so su gani wanda ban nuna musu ba?

Ranar da ƙofa ta buɗe masa ita ce ta watan Mayun 1957 a Landan. Akwai wani saurayin Bature mai tashe, Terry Downes, ana so a sama masa wanda zai doka cikin sauƙi don sunansa ya ƙara fita. Aka duba takarda aka ga wani baƙar fata mai tarin faɗuwa, aka ce yauwa, ga nama. Ashe an tsokano tsuliyar dodo. Tiger ya yi ta kai shi ƙasa har aka tsayar da damben tun ba a je ƙarshe ba. Shi Downes ɗin mai barkwanci ne, da aka tambaye shi wa yake so ya kara da shi nan gaba, sai ya nuna ba wanda yake nema irin mutumin da ya haɗa masa wannan dambe. Kuma kada ku raina Downes, don shi ma ya ci kambun duniya a 1961.

Ranar 27 ga Maris, 1958, a Libaful ɗin nan da ya sha kunya, Tiger ya kwantar da Pat McAteer a turmi na 9, ya zama zakaran duk ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. A wajen wannan lokaci ne kuma ya yi aure, ya auri wata malamar makaranta daga gida. Ku lura 'yan mata, lokacin da ta amsa masa ba shi da gidan sama ba shi da mota, fuska duk tabon naushi. Abin da ta gani a jikinsa ba a aljihu yake ba.

AMURKA, AN KOMA BAYA

Za ku ce to shi ke nan, wahala ta ƙare. Ina! A 1959 ya ƙaura zuwa Amurka, inda manyan kuɗi da manyan 'yan dambe suke, sai ya tarar kamar bai taɓa yin komai ba. Dambensa na farko da wani Rory Calhoun aka tashi canjaras, da aka sake haɗuwa aka ba Calhoun. A shekarar ya doke Joey Giardello, Giardello ya rama. Ku riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi. A 1960 a Kanada wani Wilf Greaves ya ƙwace kambun da ya ci a Libaful, kafin shekara ta fita ya koma ya karɓo abinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya zauna a Niyok, birnin da ke haɗiye samari. Bai sha bai busa, ba ruwansa da gidajen rawa. An san shi da tsimi har abokansa na yi masa tsiya. Kuɗin da ya samu gida yake turawa, yana gina gidaje a Aba da Legas, yana biya wa 'yan uwa kuɗin makaranta. Ya san cewa sana'ar da ake yi da fuska ba ta daɗewa.

Manyan ajin suka dinga kauce masa, don haɗuwa da shi ba riba: in ka ci shi ka sha wuya, in ya ci ka ka yi asara. Shi kuwa duk wanda aka ajiye masa a gaba sai ya bi ta kansa. A farkon 1962 ya doke Florentino Fernandez, ya doke Henry Hank, har ya zamana ba sauran uzuri. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a birnin San Francisco, aka haɗa shi da mai riƙe da kambu, Gene Fullmer, wani ƙaƙƙarfan Ba'amurke mai kai kamar dutse, wanda ya taɓa doke shahararren Sugar Ray Robinson. Fullmer ya saba ture mutane da ƙarfin tsiya, ran nan ya tura ya ji bango. Aka cinye turmi 15, duk alƙalan suka ba Tiger. Yaro mai buhun kwalabe ya zama zakaran duniya yana da shekara 33, shekarun da wasu 'yan dambe suke ajiye safa. Shekara 10 cif ya yi a kan hanya.

RANAR BADUN

Suka sake karawa a Las Vegas cikin Fabrairun 1963 aka yi kunnen doki, kambu ya zauna a hannun Tiger. Sai aka ce a yi na uku, kuma a wannan karon a gida. Gwamnati ta tsaya wa abin da kuɗi, aka sa ranar Asabar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Badun, wanda aka canja wa suna zuwa na Obafemi Awolowo a 2010. Shi ne karo na farko da aka yi damben kambun duniya a ƙasar nan, shekara uku ba ta cika ba da samun mulkin kai.

A nan ne labarin ya shigo gidanmu. Lokacin Baba Tsoho yana saurayi ɗan shekara ashirin, yana koyon gyaran rediyo a shagon wani Ibo a Sabon Garin Kano. Ya ce ran nan maigidan nasa ya fito da rediyo mafi girma a shagon ya ɗora a kan benci a bakin titi. Kafin ka ce kwabo wuri ya cika, Hausawa, Ibo, Yarbawa, Nufawa, 'yan dako da masu shaguna, kowa ya miƙa wuya.

"Da Turanci ake bayani," in ji shi, "mu kuwa ba ma ji sosai. Sai maigidana ya hau kan kujera yana fassara mana da Hausarsa ta 'yan kasuwa. In ya ce, 'Ya ba shi a hanci!' sai mu ɗauka da ihu. Wallahi amarya, har wani dattijo mai sayar da goro ya yi ta rabon goro kyauta, ya manta na sayarwa ne."

A can Badun kuwa mutane wajen 30,000 ne suka cika filin. Tiger ya yi wa Fullmer dukan da bai taɓa sha ba, fuska ta fashe, da aka gama turmi na 7 mutanensa suka ce ya isa haka. Daga ranar Fullmer bai sake dambe ba.

"Ran nan," in ji Baba Tsoho, "ba wanda ya tambayi ɗan wane gari ne. Namu ne kawai."

DUNIYA RAWAR 'YAN MATA

Na gaba ya koma baya. Wata huɗu kacal bayan wannan biki, ranar 7 ga Disamba, 1963, a Atlantic City, Giardello ɗin nan da na ce ku riƙe sunansa ya raba shi da kambu. Kun san da me? Da tsohuwar dabarar nan ta taɓa ka goce. Raunin da ya kayar da shi a Libaful shi ya sake biyo shi. Ashe kowa da lissafinsa da Turancinsa.

Giardello ya yi alkawarin za a sake, sai ya shiga jan ƙafa, yau da gobe, har kusan shekara biyu. Tiger na ganin shekarunsa na tafiya, amma bai zauna zaman jira ba. A watan Mayun 1965 ya haɗu da Rubin Carter, wanda ake wa laƙabi da guguwa saboda zafin hannunsa, ya kai shi ƙasa sau uku. Daga nan Giardello ya rasa mafaka. Ranar 21 ga Oktoba, 1965, a babban zauren Madison Square Garden na Niyok, Tiger ya karɓe kambunsa yana da shekara 36.

Cikin Afrilun 1966 Emile Griffith ya sake ƙwacewa da maki. Kowa ya ce to tsoho sai a tafi a huta. Maimakon haka sai ya haura aji na gaba, na masu kilo 79, inda kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ranar 16 ga Disamba, 1966, ya doke José Torres ɗan Puerto Rico, ya zama zakaran duniya a aji na biyu yana da shekara 37. Da suka sake haɗuwa a Mayun 1967 aka sake ba shi, magoya bayan Torres suka fusata suka dinga jifa da kwalabe daga saman zauren. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi. Mutumin da ya fara rayuwa da tsintar kwalba, ai ba shi za a tsorata da kwalba ba.

ABIN DA NAUSHI BAI IYA BA

Daga nan muryar Baba Tsoho ta sauya, ya daina tsokana.

Duk wadda ta yi tarihi a makaranta ta san 1966. A watan Janairu sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu manya. A watan Yuli aka yi wani juyin. A shekarar aka kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe suka koma gida. A Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, bai tsaya ba sai Janairun 1970.

"Maigidana ya bar mini makullin shago," in ji Baba Tsoho. "Ni na ɗaukar masa akwati har tashar jirgin ƙasa. Ya ce in kula da kaya, in ƙura ta lafa zai dawo. Har yau ina jira." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena kuma ya shiga soja, shi ma bai dawo ba."

Tiger ya bi ɓangaren mutanensa, Biyafara. Har muƙamin laftana suka ba shi, yana horar da samari motsa jiki. Lambar girma da Ingila ta ba shi a 1963 ya mayar musu da abarsu a 1969, saboda suna taimaka wa gwamnatin tarayya da makamai. Dukiyar da ya tara da jininsa da haƙoransa kuwa, yawancinta yaƙi ya raba shi da ita. Ana cikin haka, ranar 24 ga Mayu, 1968, wani dogon Ba'amurke, Bob Foster, ya same shi da naushin hagu a turmi na 4. Alƙali ya ƙirga har 10. A duk rayuwarsa wannan ne kaɗai karon da aka ƙirga masa bai tashi ba.

Ko a haka bai bari ba, don akwai iyali da dangi masu jiran abin da zai aiko. A 1969, yana dab da shekara 40, ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun matsakaita, sai dai ba a sa kambun a damben ba. Dambensa na ƙarshe a Yulin 1970 ne. Bayan nan zakaran duniya har sau uku ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a Niyok, yana tsaye da kayan ma'aikata, masu wucewa ba su san ko wane ne ba. Bai ɗauki aikin abin kunya ba.

A can ne ciwo ya kama shi, likitoci suka ce sankarar hanta ce. Ya nemi ya dawo ya mutu a gida, aka bar shi ya dawo a 1971. Ya rasu a Aba cikin Disambar shekarar yana da shekara 42, ya bar mata da 'ya'ya takwas. Dambe 82 ya yi a matsayin sana'a, ya ci 60, aka ci shi 19, aka yi canjaras 3. A 1991 aka sa sunansa a jerin gwarazan damben duniya da ake karramawa a Amurka.

Na tambayi Baba Tsoho, "To kai da aka kashe maka ƙane, ba ka ji haushinsa ba da ya bi wancan ɓangaren?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Na ji mana, uwargida. A lokacin ko sunansa ba na son ji. Amma ranar da rediyo ya faɗi rasuwarsa, ina cikin shagon nan, sai na ga hawaye na ɗiga a kan abin da nake gyarawa. Shi ya yi kukan nasa, ni na yi kukan nawa. Allah dai ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan."

Muka ce amin.

GARE KI 'YAR UWA

Ku sake duban lissafin nan: sau 19 aka ci shi. Goma sha tara! Amma in aka tashi ambatonsa ba wanda yake cewa ga mutumin da ya faɗi sau 19, cewa ake ga zakaran duniya. Ni ba cewa nake ku je ku sa safa ku hau fage ba, kada a je a ce wa iyayenmu na ɓata muku tarbiyya. Dambe sana'a ce mai haɗari, ta nakasa mutane da yawa, wasu ma a fagen suka bar ransu. Abin da nake so ki ɗauka shi ne abin da ya yi bayan faɗuwa ta huɗu. Bai ce kaina ba ya ja ba. Bai ce an tsane ni ba. Ya nemi ainihin wurin da ake cin sa, ya zauna a kansa har ya gyaru, kuma da raunin ya sake dawowa bayan shekara takwas, ya sake zama a kansa.

Ke da jarrabawa ta kayar, ke da aka cire daga makaranta kina son komawa, ke da aure ya mutu kina ganin duniya ta ƙare, ke da kika kai rubutunki aka dawo miki da shi ba a ko buɗe ba, alƙali yana ƙirgawa ne kawai, bai kai 10 ba tukuna.

Auta dai ba ta ce komai ba ran nan. Ta tashi ta ɗauko wa Baba Tsoho ruwan alwala, da daddare na ga ta zuba tuwo ta ci. Bayan kwana uku na shiga ɗaki na tarar ta baje tsofaffin takardun tambayoyi a kan gado, tana ja wa waɗanda suka kayar da ita layi da jan biro. Na yi kamar ban gani ba. Ina juyawa ta ce, "Yaya, sau nawa ma aka ce ya faɗi a Ingilar nan?"

Na ce, "Huɗu."

Ta ce, "To ni ba zan kai huɗu ba, in sha Allahu."

Ku taya mu da addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda zan koma muku kan labarinmu na masoya.